Buhun Shaida

Saura wata bakwai in yi ritaya aka ɗora mini aikin sake tsara manhajar sashen akanta na kwalejinmu, 'yar kwalejin kasuwanci ta mishan da ke bayan layin dogo a Kafanchan. Wai ma'aikatu suna kuka da mu, ɗalibanmu suna fita da takarda mai kyau amma hannunsu bai iya aiki ba. Na ce da shugaban kwaleji, "Yallaɓai, ni da na naɗe tabarmata za ka ba wa gyaran gida?" Ya ce, "Madam Tamar, shekara talatin da biyu kina nan. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo." Na karɓa, ba don ya fi ni baki ba, don dai na gaji da tsayuwa a ofishinsa.

Mu biyu muka fi zama a kan aikin, ni da Malam Jamiluddeen, matashin malami ɗan gidan 'yan kasuwar garin nan, wanda in ka ce masa ina kwana sai ya buɗe kwamfuta kafin ya amsa. Yana da kirki, kuma kansa yana ja. Muka cika kowane gurbi a jadawalin 'yan ajin ƙarshe, sai awa uku na ranar Alhamis suka rage fanko. Shi yana so a ƙara su a ɗakin kwamfuta. Ni ba wani abu ne a raina ba, ja masa rai kawai nake yi, kada ya ɗauka na mutu tun da sauran numfashina.

Ranar wata Laraba cikin watan Maris, Catherine ta shigo ofishina. Shekara biyu ke nan da ta gama a wurinmu, ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa 'yar gaban goshina ce ba. Wata ƙungiyar manoman citta a Madakiya ta ɗauke ta akanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye wani rahoto mai shafi goma sha ɗaya a kan teburina.

"Mama, na ji kuna sabuwar manhaja. Ga abin da za ki koyar da shi. Ɓarawo na kama."

Ta yi mini bayani. Kafin ta je, ƙungiyar da buhu take saye, da buhu take sayarwa, ba ruwan kowa da awo. Ita ta kawo sikeli. A watan Disamba suka sayi busasshiyar citta buhu ɗari shida daga hannun mambobi, kowane buhu kilo hamsin, a gabanta aka auna. A Maris mai saye ya zo daga Legas ya ce kowane buhu sai ya cika hamsin cif. Aka zazzage aka sake ɗurawa, sai ga buhu ɗari biyar da sittin da huɗu. Talatin da shida babu. Makullin sito kuwa mutum ɗaya ke riƙe da shi, wani dattijo Asher, shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. An riga an karɓe makullin. Dattawan ikkilisiyarsu sun ce ya dakata da ɗaukar kwanon baiko, wanda ake zagayawa da shi a karɓi sadaka a coci. Ranar Asabar shugabannin ƙungiya za su zauna su kore shi, su miƙa shi ga 'yan sanda.

Allah ya gafarta mini, har tafa mata na yi. Na ce wannan shi ne ɗalibin da ma'aikatu ke nema.

Bayan ta tafi na jiƙa garin rogona da gyaɗa, na zauna ina karantawa. Rahoto tsaf, ba inda lamba ta yi tuntuɓe. Sai a shafi na tara na ci karo da wani layi. Da Turanci ta rubuta, amma ga ma'anarsa: mai sito ya hana a buɗe wasu buhu biyar da ya keɓe a kan katako, ya ce wai shaidunsa ne, wannan ma alama ce ta rashin gaskiya. Na ajiye cokali. Na ƙara karantawa. Shekara talatin da shida suka dawo suka zauna mini a ƙirji.

A zamanin da nake ɗaliba a kwalejin nan, malaminmu na lissafin kaya Baba Azariya ne, tsohon akawun reluwe. Ya yi shekara ashirin da shida a ofishin kaya na tashar Kafanchan kafin mishan su ɗauko shi. Ba shi da digiri ko na rantsuwa. Farar riga mai gajeren hannu, biro uku a aljihu, fensir a bayan kunne, da kekensa da ya fi wasu malamai tsafta. A lokacin garin nan yana da rai. Jirgin Fatakwal ya yi kuka, na Jos ya amsa, mata suna bin tagogi da dafaffen ƙwai da ayaba, ko'ina ka bi ƙamshin citta da warin man jirgi. Da kukan jirgi muke sanin an kusa tashi daga aji. Yanzu ciyawa ta cinye layin, awaki ne ke hawa da sauka a kansa.

Duk ranar Alhamis Baba ba ya yarda mu zauna a aji. A ƙasa muke tafiya, shi yana tura keke, mu tsallake layin dogo mu je siton Alhaji Hussaini a bayan kasuwa. Alhaji yana hango mu zai ce, "Azariya, ka sake kwaso mini 'yan biro su ƙirga mini ɓeraye?" Baba ya ce, "Ai gara su ƙirga naka kafin su je su ƙirga na gwamnati." Haka suke kullum, amma in azahar ta yi Baba ne ke zama a kan kujerar Alhaji ya tsare masa ciniki har ya dawo daga masallaci. A siton nan muka koyi yadda ake jera buhu a ƙirga shi ba a sauke ba, yadda ake gane sikelin da aka yi wa dabara, yadda ake tambayar ɗan dako magana ba a raina shi ba. Muna komawa gida muna atishawa, kayanmu duk ƙaiƙayi, amma muna son Alhamis.

Baba yana da wata al'ada da tsofaffin ɗalibai suke rufe wa sababbi. Alhamis ta farko bayan sabuwar citta ta shigo, sai ya sa a ɗora buhu guda a sikeli, a rubuta nauyinsa da fenti a kan ɗinkin bakin buhun, a sa shi a wani ƙaramin ɗaki, a datse kwaɗo. Makullin ya ba ɗalibi guda. A shekararmu, 1988, ni ya miƙa wa. Na ji kaina ya kumbura, na sa masa zare na rataya a wuya, ko wanka ba na cirewa.

Bayan mako shida aka buɗe. Buhun da ya shiga da kilo hamsin ya fito da arba'in da shida. Baba ya ɗaure fuska ya ce, "Kilo huɗu babu. Kowa ya rubuto mini rahoto." Mu ashirin da uku ne. Goma sha tara suka rubuta sunana. Har Joanna, wadda muke cin tuwon acca a kwano ɗaya, ta rubuta cewa an ga na sayi sabon takalmi. Baba ya tsaya a tsakar siton ya karanta su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, 'yan dako suna ji. Na yi kuka har majina, na rantse da kabarin babana, ba wanda ya kalle ni.

Da ya gama, sai ya yafito wani ɗan dako da ke jingine a bakin ƙofa, dogo mai tabo a gira. "Ɗan'uwa, ina kilo huɗun nan suka tafi?" Mutumin ya zo ya shafa ɗinkin, ya ga fentin bai tsage ba, ya zura basilla ya ciro citta ɗaya ya karya. Ta yi ƙas. Ya ce, "Iska ya sha, Baba. Da ɗanyensa aka kawo."

Baba ya juyo gare mu. "Ɗinki bai motsa ba, amma ba wanda ya duba. Kun duba littafi, kun duba Tamar, shi ke nan. Biron akanta yana iya kai mutum kurkuku. Kafin ku rubuta sunan ɗan mutane, ku tambayi kayan tukuna." Daga nan ya koya mana abin da yake kira buhun shaida: duk kayan da ke bushewa, ka keɓe 'yan buhuna ranar da suka shigo, ka rubuta nauyinsu a kan ɗinki, kada ka taɓa su. Ranar fitarwa su za su gaya maka abin da iska ta ci, ragowar shi ne na mutum. Ya saya mini lemun kwalba don ba da haƙuri. Na karɓa saboda ladabi, na juye shi a kwata a hanyar gida.

Baba ya rasu a 2004. Alhamis ɗinsa ta ci gaba da ɗingishi a hannun wasu malamai. A 2011 masu tantance makarantu suka zo da doguwar takardar kwasa-kwasan da dole a koyar, sai an rage wani abu. Ni ce sabuwar shugabar sashe. Na ɗauki jan biro na ja wa Alhamis layi. Na ce tsohon yayi ne, na ce ba a tozarta ɗalibi a zamanin nan, na ce kuɗin mota. Kowa ya gyaɗa kai. Gaskiyar magana, makullin nan ne bai daina ƙona mini wuya ba. A madadinsa na sa shafi biyu a lakcar lissafin kaya, inda littafin Turawa ya ce asarar da aka saba gani ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan lakcar Catherine ta ci da maki mafi girma, da hannuna na ba ta.

Ranar Juma'a na hau acaba zuwa Madakiya, gwiwata tana zagina duk hanya. Na sami Asher a gindin mangwaro yana sa wa fartanya ƙota. Tsoho ne dogo, gashi duk furfura. Da ya ɗago kai na ga tabon a gira. Shi ma ya ƙura mini ido.

"Madam, ba ke ce mai makulli ba? Wadda ta yi kuka?"

Shekara talatin da shida, da digirina biyu, da wannan aka tuna ni. Na ce, "Ni ce, ɗan'uwa." Matarsa ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Ya ce mako biyu ke nan ba ta je zumuntar matan coci ba, in ta shiga kasuwa sai a yi shiru.

"Me ya hana ka yi musu bayani?"

"Na faɗa, Madam. Sau ɗaya. Bana ruwa ya daɗe bai ɗauke ba, mutane kuma suna son kuɗin Kirsimeti, suka kawo citta da sauran sanyi a jikinsa. Yarinyar ta ce littafi bai ce haka ba. Ciyaman ɗin ƙungiya ya ce kowa ya san citta na bushewa, amma buhu talatin da shida? Ba su taɓa aunawa ba, yaya za su sani? Na ce ga shaiduna a kan katako. Ta ce kayan da ke hannuna ba zai yi mini shaida ba. Takarda mai tambari ya yi magana, wa zai ji Asher?"

"Wa ya rubuta nauyi a kan ɗinkin buhunan?"

"Ita. Ranar da aka auna na roƙe ta ta rubuta mini. Ta rubuta, ba ta tambaye ni dalili ba."

Na tambaye shi inda ya koyi wannan, ko da yake na san amsar. Ya ce shekara tara ya yi yana dako a siton Alhaji Hussaini, duk Alhamis yana bakin ƙofa. "Ku kuna biyan kuɗin makaranta, ni ina ji kyauta." Ya yi 'yar dariya, ita ce kaɗai na gani a fuskarsa ranar.

Kafin in hau acabar dawowa na kira Catherine. Ban so ta ji a bakin taro ba. Na gaya mata komai, har da makullina. Ta ce, "Mama, ke kika koya mana kashi ɗaya cikin ɗari."

"Ni na koya. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa ganin cittar Madakiya ba, ni kuwa na gani, kuma ban faɗa muku ba. Gobe in na tashi na ce a auna buhunan nan biyar, an gama da ke a garin nan. In ke kika ce a auna, da sauran magana."

"In aka auna kuma aka ga hamsin?"

"Sai in ba ki haƙuri a gaban kowa."

Ta kashe waya ba ta ce mini e ko a'a ba. Raina ya ɓaci, amma ban ga laifinta ba. Wata uku yarinyar nan tana jin ana cewa ita ce ta zo ta gyara ƙungiya.

Ranar Asabar aka taru a gaban siton, a kan bencin da aka aro daga coci. Ciyaman ɗin, Malam Zamani, tsohon hedimasta ne, irin waɗanda ko addu'a za su yi sai sun gyara tabarau. Mambobi sun fi sittin, yawanci mata. Asher yana zaune gefe guda shi kaɗai da hularsa a gwiwa. An ajiye ɗan sanda a inuwa yana danna waya. Ni aka ba ni kujerar roba a matsayin malamar akanta, aka yi ta yi mini sannu da ƙoƙari, na horar da yarinya mai ido. Kowace sannu kamar ana zuba mini barkono.

Catherine ta tashi ta soma karanta rahotonta, tana fassarawa da Hausa. Shafi na ɗaya, na biyu, na biyar. Muryarta ba ta rawa. Na ce a raina shi ke nan, sai na tashi da kaina. Na soma laluben sandata. Ta kai shafi na tara, ta karanta layin buhu biyar, sai ta tsaya. Ta ɗago kai.

"Ciyaman, ina roƙo a kawo sikeli. Akwai abin da ban duba ba."

Aka ɗan yi gunaguni. Malam Zamani ya ce ai an gama bincike. Ta ce ba a gama ba, ita ta yi shi, ita ta sani. Aka buɗe sito aka fito da buhunan nan biyar. A kan kowane ɗinki ga rubutunta da baƙin alƙalami, hamsin, da kwanan wata, rabin lamba a wannan gefe rabi a wancan. Ta durƙusa ta bi zaren da yatsa. Wata mata ta leƙo ta ce na uku buhunta ne, ɗinkinta ne, ba wanda ke ƙulla bakin zare irin nata, kuma ba a kwance shi ba.

Na farko, arba'in da bakwai. Na biyu, arba'in da bakwai da ɗan ɗori. Na uku, arba'in da shida da rabi. Babu ko ɗaya da ya kai arba'in da takwas. Catherine ta fito da waya ta buga lissafi a tsaye, ta faɗa da bakinta: in kowane buhu cikin ɗari shida ya sha irin wannan iska, an rasa buhu talatin da biyar da ɗoriya. Asher ya nuna lungu da haɓa, bai tashi ba. Aka jawo wani rabin buhu, ɓarɓashin da yake sharewa yana tarawa tun Disamba.

Ɗan sandan ya sa wayarsa a aljihu ya tambayi wanda zai biya masa kuɗin acaba.

Malam Zamani ya gyara tabarau ya yi dogon jawabi a kan ajizancin ɗan Adam. Sannan ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa wa Asher. "Ɗan'uwa, a yi haƙuri. Ga aikinka."

Asher ya tashi, ya sa hularsa, bai miƙa hannu ba. "Ciyaman, shekara ashirin da biyu. In za ku gona, a bakin siton nan kuke barin yaranku. Kwana uku ya ishe ku ku yarda ni ɓarawo ne. Yarinyar ba ta san ni ba, ba na jin zafinta sosai. Ku kun san ni." Ya gaishe da matan, ya bi ta bayan coci ya tafi gida. Malam Zamani ya tsaya da makulli a hannu, ya rasa aljihun da zai mai da shi.

Na sami Catherine a bayan sito, ta haɗa kai da bango. Na dafa ta. Ba ta juyo ba.

"Mama, maki mafi girma kika ba ni."

"Na ba ki."

"Shekara uku ina wurinku. Da sau ɗaya kin kai ni sito."

Ina da baki, duk Kafanchan an shaide ni da shi. Ranar kuwa kunya ce ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina da makulli a wuya, sai dai wannan karon laifin nawa ne da gaske.

Washegari Lahadi, ba wanda ya sa ta, Catherine ta tashi a cocinsu Asher bayan sanarwa ta janye rahotonta a gaban jama'a. Dattawa suka mayar masa da kwanon baiko, ya karɓa. Matarsa ta koma zumunta. Amma sito ko ta ƙofarsa bai sake bi ba. Ƙungiya ta aika masa sau huɗu.

Ranar Litinin na ce da Malam Jamiluddeen na sami abin da za a sa a awa ukun Alhamis, kuma na sami malami. Da ya ji malamin ba shi da ko takardar firamare, ya rufe kwamfutarsa, abin da ban taɓa gani ba. "Madam, hukumar makaranta za ta cinye mu ɗanye." Na ba shi labari tun daga farko. Da na ambaci siton Alhaji Hussaini sai ya ɗago.

"Kakana ne. Siton yana nan, baffana ke riƙe da shi. Har yanzu akwai wani ƙaramin ɗaki da ake ce wa ɗakin Azariya, ban taɓa sanin dalili ba."

Shi ya rubuta takardar da ta ratsa da mu hukumar, da Turanci mai sulɓi. Ya ƙara nasa: duk abin da ɗalibai suka auna a sito su dawo su shigar a kwamfuta, mako-mako, su ga yadda littafi da kaya suke rabuwa. Ya sa a kai su wurin masu hatsi da masu manja su ma. Na yarda, don ya fi abin da Baba ya yi. Abu ɗaya muka yi ta ja a kai, makulli. Shi ya ce in ba a zargi wani ba darasin ba zai zauna ba. Ni na ce ba za a sake sa 'yar mutane kuka a gaban 'yan dako ba. A ƙarshe na ce to, ni zan riƙe. Lokacin na yi ritaya, su rubuta sunana su more, na saba.

Asher kuwa sai da na je Madakiya sau uku. A na uku ya ce zai zo, da sharaɗin a biya shi kamar malami, ba a ce ga kuɗin mota ba. Na ce ashe har wannan ma ka koya a bakin ƙofa.

Alhamis ta farko cikin Disamba, sabuwar citta ta shigo. Ɗalibai talatin da ɗaya suka tsallake tsohon layin dogo a ƙasa, suna ƙorafin rana, 'yan matan suna ɗage ƙafa saboda takalmansu. Ni ina baya da sandata. Da ƙamshin siton ya buge ni sai da na tsaya na riƙe ƙofa. Na ga kamar in na juya zan ga keken nan jingine da bango.

Asher ya zo da farar riga mai gajeren hannu, an goge ta har tana ƙyalli. Bai yi dogon bayani ba. Ya sa aka ɗora buhu a sikeli, ya sa wata ɗaliba ta rubuta hamsin a kan ɗinki, aka kai buhun ɗakin Azariya, ya datse kwaɗo. Ya ɗaga makullin. Na gyara tsayuwa zan matsa.

"Baba, ba ni."

Daga bakin ƙofa muryar ta fito, daidai inda shi yake jingina a da. Catherine ce, da kayan aikinta, ta ɗauki hutun rabin yini ta hawo acaba daga Madakiya. Ɗaliban ba su san ta ba, suka buɗa mata hanya. Ta zo gabansa ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu.

Asher ya dube ta. Tun ranar taron nan magana ba ta haɗa su ba. Ya rage murya don kada yaran su ji, amma ni ina kusa.

"'Yata, kin san abin da za su rubuta?"

"Na sani, Baba."

"A gaban kowa zan karanta."

"Ka karanta."

Ya sa mata makullin a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Sannan ya juya ga ɗaliban ya ce kowa ya rubuta kwanan wata, bayan mako shida za a buɗe.